Yashin Mai Barci

Ni dai na taɓa ɗaukar kayan nan, don haka kada wani namiji ya zo yana cika min baki wai mace ba ta san aikin kwana-kwana ba. Muna sabon aure maigidana ya kai ni ɗakin da suke rataye kaya, ya ce in sa in ji. Ya zura min wando mai igiya a kafaɗa, ya sa min takalman nan masu ƙarfe a baki, ya ɗora min riga mai ninki uku, ya kifa min hular kwano. Har nan dariya nake yi. Da ya goya min tukunyar iska ya ja maɗaurin, sai na ji gwiwoyina suna neman ƙasa, na dafa bango na ce ya cire min tun ban yi abin kunya ba. In aka haɗa su sun kai rabin buhun siminti, kuma a bushe ke nan, in suka sha ruwa sai abin da ya ƙaru. Igiyar shanyata ta sha tsinkewa saboda rigunansu, don gidanmu na bariki gajeren bango ne kawai ya raba shi da filin atisaye, su kuma ba su da aiki sai wurgo jiƙaƙƙun kaya a kanta ba ko sallama.

A cikin wannan lodin ake so mutum ya hau bene da sauri, da naɗin mesa a kafaɗa, da gatari a hannu, yana jan numfashi ta cikin roba, gumi na taruwa masa a takalmi har in ya cire sai ya juye. Duk wannan bai taɓa damuna ba, aiki ne, ya gani ya zaɓa. Abin da ke ci min rai shi ne dokarsu ta shiga wuta. Mutum biyu ake turawa, in ɗaya ya faɗi, ɗayan ne zai jawo shi waje, da shi da kayansa da tukunyarsa, don babu na ukun da zai gan su a cikin hayaƙin. Maigidana kuwa ba ƙaramin mutum ba ne, Katanga suke ce masa a wurin aiki, kuma ba su yi ƙarya ba. Wanda aka haɗa shi da shi, wanda ran uban 'ya'yana ke hannunsa, shi ne yayana.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da Yaya, shi ya sa babu mai faɗa min ko shi wane ne. Tun muna yara in aka aike shi sai an tura wani ya je ya nemo shi. A tashar kwana-kwana sunansa A-Hankali, kuma wai har amsawa yake yi yana murmushi, mutum ba zuciya. Tumbi ya yi gaba, sai ya ja numfashi ya riƙe kafin zif ɗin rigarsa ya hau. Gwiwarsa ta dama ƙara take yi in zai tashi. In ba a buga ƙararrawa ba, yana kan benci a inuwar mota da hula a fuska, ƙudaje na shawagi. Na san shi ya fara kawo Katanga gidanmu har muka ga juna, ban musa ba, na kuma gode. Amma godiya ba za ta jawo ƙaton mutum daga hawa na uku ba.

A shekarar nan da ta wuce sai na ga maigidana ya fara dawowa a galabaice. Ya zauna a bakin gado ya daɗe bai kwance takalmi ba, ya ce in ɗora masa ruwan zafi, ya kwanta rigingine a ƙasa wai katifa ta cika laushi. In na tambaya sai ya ce aiki ne ya yi yawa. Yo ba dole aiki ya yi yawa ba? Mutum ɗaya yana ɗaukar nasa yana ɗaukar na surukinsa. Haka na ƙudurta a raina, kuma kullum na hango Yaya a kan bencin nan sai in ji kamar in watsa masa ruwan wanke-wanke.

Fatana ɗaya shi ne gwajin ƙarfi. Sau ɗaya a shekara ake turo mutum daga hedikwata, kowa ya sa cikakken kaya, ya hau hasumiyar atisaye da mesa ya sauko, sannan ya ja Mai Barci daga wannan gefen fili zuwa wancan kafin lokaci ya cika. Mai Barci wani mutum-mutumi ne na tamfol, an cika shi da yashi daidai nauyin babban mutum, da kai da hannuwa da ƙafafu, ba fuska. Wanda ya kasa sai a sauke shi daga mota, a kai shi gadin ƙofa ko ɗakin amsa waya. Allah ya yafe min, ni dai roƙona Yaya ya kasa, a ba maigidana wani matashi mai jini a jika. Bara ya ci, na ce sa'a ce. Bana na sa ido.

Saura 'yan kwanaki gwajin, da la'asar ina kwashe shanya, sai na hango su ta kan bango a bayan sito. Yaya ne da Direba da wani dogon da ake ce wa Famfo. Sun kifa Mai Barci rub da ciki, Yaya ya farke ɗinkin bayansa da reza, yana ɗibar yashi da kofin shayi yana zubawa a bokiti. Famfo na yayyaga soson tsohuwar katifa yana miƙa masa, shi kuma yana cusawa don kada cikin ya lotsa a gane. Direba na gadi, wai shi mai wayo, yana kallon ƙofar ofis, bai kalli bayansa ba. Da suka gama Yaya ya ɗinke da babbar allura, ɗinki mai kyau kuwa, ban taɓa sanin ya iya wani abu da hannunsa haka ba. Yashin kuma suka bi jajayen bokitan nan da ke rataye a bango suna ƙarawa a ciki. Na sha mamakin yadda tashar da ba a iya gyara famfon banɗaki take da bokitan yashi cike taf kullum.

Ƙarti uku, masu iyali, masu gemu, sun taru suna yi wa buhu sata. Raini ya cika min ciki, na tsaya da zanen gado a hannu.

Da farko na tari matar Direba, don ita ba ta iya riƙe magana. Ko a jikinta. Ta ce ai tsohon abu ne, tun kafin a kawo mu barikin ake yi. In ƙarfin wani ya ja baya, sai abokan aikinsa su rage wa Mai Barci ciki har ya samu ya wuce, kuma ba a faɗin sunan wanda aka yi dominsa, ko a tsakaninsu, don kada a kunyata shi. Ta faɗe shi da wani irin alfahari, kamar tana ba ni labarin aikin lada. Na ce mata ba sai an faɗi suna ba, sunan yana nan rubuce a tumbinsa. Na kuma tambaye ta ko wutar ma suna zuwa su roƙe ta ta rage wa mutane nauyi. Ta ce ni dai bakina ba ya gajiya, ta shige ɗaki.

Washegari Yaya ya leƙo gidanmu neman ruwan sanyi, kamar yadda ya saba, ya zauna a kan turmina ba a ba shi wuri ba. Na miƙa masa ruwan, na bari sai da ya kai baki sannan na ce na ga ɗinkinsa jiya, ashe tela muka yi asara. Bai ko ƙware ba. Ya shanye, ya goge baki da bayan hannu.

"Barkono," ya ce, don haka yake kirana tun ina rarrafe, "ki bar abin da bai shafe ki ba."

"Bai shafe ni ba? Yaya, in mijina ya faɗi a cikin wuta, soso za ka tarar a cikinsa?"

Ya dube ni, ya ce in yi haƙuri, akwai abin da ban sani ba. Na ce abin da na sani ya ishe ni. Na faɗa masa in ya san ƙarfinsa ya ƙare ya je da ƙafarsa ya nemi gadin ƙofa, ai can ma benci ne, ba abin da zai rasa. Ya miƙe, gwiwar ta yi ƙararta, ya ce a gai da yara.

Shi kuwa maigidana da na kai masa maganar, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali. Ya ce maganar maza ce, ya roƙe ni da girman Allah kada in kai ta ko'ina. Na ɗauka kara yake yi wa surukinsa, har na ji ya ƙara girma a idona, na kuma ji haushinsa, don wannan kirkin nasa ne zai kashe shi wata rana. Ban yi masa alkawari ba. Ogan tasha kuwa ban ɓata yawuna a kansa ba. Tagar ofishinsa tana kallon bayan siton, kuma labulenta a sake yake duk ranar da ake wannan aika-aika, in ji matar Direba.

Ranar gwaji da hantsi matan bariki muka jeru a bakin bango kamar kullum. Wadda aka turo daga hedikwata mace ce, siririya, ba ta da fara'a, da agogo rataye a wuya. Ina ganinta na ji ta kwanta min. Na ɗebo ruwa a jug na zagaya ta ƙofa na kai mata, abin da ban taɓa yi wa wani baƙo ba. Tana sha na rage murya.

"Ranki ya daɗe, kafin a fara, ki ɗan taɓa Mai Barci ki ji lafiyarsa."

Ta kalle ni, ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba. Ta ajiye kofin ta taka har inda yake kwance, ta kama maɗaurin ƙirjinsa da hannu ɗaya ta ɗaga, sai ga shi ya taso zaune kamar an tashe shi cin abinci. Ta sa aka kawo wuƙa ta farke ɗinkin Yaya, soso ya yi ta fitowa. Oga ya fara wani dogon bayani wai ɓeraye ne, wai yashi yana tsiyaya da kansa. Ba ta ko dube shi ba, ta ce a kawo sikeli, a sauke jajayen bokitai. Haka suka tsuguna a gabanmu suna mayar da abin da suka sata, kofi bayan kofi, har allurar sikeli ta kai inda ake so. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ana cikin ɗinkewa Yaya ya tako zuwa bango. Na gyara tsayuwa ina jiran zagi, na ma tanadi amsa. Sai ya ce a hankali, "Ki shiga gida, Barkono. Kada ki tsaya kallon nan." Na ce masa ai har kujera na fito da ita.

Matasan suka fara. Waɗanda bara suke jan Mai Barci suna ɗaga wa 'yan mata hannu, yau sai ga su suna nishi, jijiyoyin wuya a waje, amma dai sun kai. Famfo ya kai da ƙyar. Direba ya kai ya zube a kan layin, matarsa ta harare ni, na rama.

Aka kira Yaya. Ya ja numfashi zif ya hau, aka goya masa tukunya, ya rufe fuska, ya saɓa mesa. Ya hau hasumiyar nan yadda yake komai a rayuwarsa, taki ɗaya-ɗaya, ba gudu ba tsayawa, har na fara hamma da gangan. Ya sauko, ya zagaya bayan Mai Barci, ya zura hannuwa ta ƙarƙashin hammatarsa, ya yi ƙasa da ɗuwawu kamar mai shirin zama, ya jingina da nauyin jikinsa ya fara ja da baya. Abin ba kyan gani. Tumbin da nake zagi shi yake rinjayar yashin. Bai tsaya ba ko sau ɗaya. Ya tsallake layin, matar ta danna agogo ta gyaɗa kai, shi kuma ya cire abin fuska ya juya gefe ya yi amai. Na ce a raina to, ya sha da ƙyar, baɗi ma rana ce.

Sannan aka kira Katanga. Na gyara zama don matan nan su ga yadda ake yi. Ya hau hasumiya da saurinsa, amma a saukowa na ga yana dafa ƙarfen gefe, abin da ban san shi da shi ba. Ya iso kan Mai Barci, ya sunkuya ya kama, ya ja. Ya tafi kamar tsawon tabarma biyu, sai ƙafarsa ta hagu ta ƙi bin sa. Ya saki, ya dafa ƙugu, ya sake kamawa. Wannan karon ko motsi buhun bai yi ba. Ya sake gwadawa, sai ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, sannan biyu. Ina jin numfashinsa ta cikin robar har inda nake. Ya yi yunƙurin tashi, ba da Mai Barci ba, shi kaɗai da kayan jikinsa, ya kasa. Tukunyar ta danne shi ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya tsaya a haka a tsakiyar fili, a gaban yaran da shi ya koya musu naɗa mesa.

Babu wanda ya motsa sai Yaya. Ya taho da amai a gemu, ya tsuguna, ya ɓalle maɗaurin ciki, ya zare na kafaɗa, ya sauke tukunyar, ya sa kafaɗarsa a hammatar maigidana ya miƙar da shi, duk a cikin ƙiftawar ido, bai ko duba inda hannunsa ke zuwa ba. Wanda ya yi abu sau ɗaya ba ya yin sa haka. Sauran mazan duk suka sunkuyar da kai, babu mamaki a fuskar ko ɗaya. Matar Direba ma ba ta yi mamaki ba. Ashe duk barikin ni kaɗai ce ban sani ba, ni da nake dafa masa ruwan zafi.

Da yamma na je gidan Yaya, ban zauna ba. Ya ce tun ranar da silin ya rufto musu a wani shagon katifa, ƙashin bayan Katanga ya taɓu, ya hana a faɗa, don in likitan aiki ya ji, shi da mota sai kallo. Tun daga nan in sun shiga gini Yaya ne ke karɓar naɗin mesar da zarar sun ɓace wa idon Oga, shi ke ɗaukar gatarin, shi ke shiga gaba. Yana faɗa yana sosa ƙeya kamar shi ya yi laifin.

"To da kai ka faɗi a ciki fa?" na ce. "Wa zai jawo ka?"

"Ai ban faɗi ba."

Amsar ke nan, daga mai 'ya'ya biyar. Matarsa na tsaye a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, kuma daga yadda ta ƙame na gane ita ma yanzu take ji. Na kalle shi na ce wallahi Yaya na ɗauka malalaci ne kai, ashe wawa ne. Ya yi dariya ya ce duk wanda na zaɓa ya karɓa.

An mayar da maigidana ɗakin amsa waya. An haɗa Yaya da wani matashi mai wuya kamar turmi, irin wanda na yi ta roƙa wa mijina. Mazan tasha sun daina amsa gaisuwata, sun kuma daina wurgo riguna a igiyata, ban yi kuka ba. Su a ganinsu zumunci na ɓata. Zumuncin da za a tura mutum cikin wuta da wanda ba zai iya ɗaga shi ba, kowa ya sani, kowa ya yi shiru don kada ran wani ya ɓaci, su riƙe kayansu.

Maigidana kuwa ya yi kwanaki ba ya ce min komai sai in ya zama dole. Yana dawowa da riga a goge, ba warin hayaƙi, ya ci abinci ya juya wa ɗaki baya. In aka buga ƙararrawa yana gida, sai in ga ƙafarsa ta motsa da kanta, sannan ya tuna ya koma ya zauna. Ina tausayinsa, ƙarya ne in ce ba na ji. Amma akwai tambayar da ta tsaya min a rai wadda tausayin ya kasa kawarwa.

Ranar da ya yi magana, da rana ne, yara suna makaranta, ina ninke kaya a kan gado. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce na tozarta shi a gaban yaransa, na raba shi da aikin da ya fi so a duniya, ya roƙe ni na ƙi ji, yanzu sai in faɗa masa abin da na samu. Na bar shi ya kai ƙarshe.

"Baban yara, tambaya ɗaya zan yi maka," na ce. "Duk shigar da kuka yi da Yaya a shekarar nan, ka san in ya faɗi ba za ka iya fito da shi ba?"

Ya kawar da kai.

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani," ya ce.

"Da ka fito kai kaɗai, da wane baki za ka shigo ɗakin nan ka faɗa min?"

Na ba shi lokaci, don da gaske nake son in ji ko ya taɓa tanadar amsa, ko sau ɗaya, a duk ranakun da yake bin bayan ɗan'uwana cikin hayaƙi hannu ba komai. Bai tanada ba. Ya zauna a bakin gadon a hankali yana dafe da ƙugu, na janye kayan da na ninke don kada ya zauna a kansu.